Kimiyya a Ƙofar Gida: Motar da Ke Rage wa Direba Kiɗa Idan Ya Cika Gudu

Wannan makon cikin mota za mu leƙa, kuma muna so kowa ya ajiye biro da takarda kusa, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Likoro ko Hunkuyi zuwa Zariya, ko ya tsaya a Tashar Yari ya tari motar Kano, ya san wata ɗabi'a ta direbobi. Da mota ta fita gari, direba ya taka totur, sai hannunsa ya tafi kan rediyo ya ƙara murya, saboda ƙarar iska da ta inji sun danne waƙar. Da an iso shingen jami'an tsaro ko kasuwar bakin titi, sai hannun ya koma ya rage. Idan waƙar ba ta yi masa ba, sai ya ɗauki waya ya shiga laluben wata, ido ɗaya a kan kwalta, ɗaya a kan waya. A tafiya guda hannun nan yakan bar sitiyari sau da yawa, alhali ga mutane cunkushe a bayansa.

To ga tambayarmu ta yau. Ita motar ta fi direban sanin gudun da take yi. Me zai hana ta ɗauke masa wannan aiki, ta riƙa ƙara kiɗa da rage shi da kanta? Amsa ita ce ana yi, kuma dabarar ba ta fi ƙarfin ɗan aji 5 ba.

Dabarar makaɗin gayya

Kafin mu tafi Jamus da Amurka, bari mu fara daga gona. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma wanda ya taɓa ganin gayya ya san abin yakan juya. Makaɗin noma yana bin samari kunya-kunya yana kallonsu. Idan ya ga sun ɗauki zafi, sai ya matse gangar ya shiga kirari. Idan ya ga rana ta take, garma ta fara yi musu nauyi, sai ya sassauta su sami numfashi. A nan rawa ce take sauya kiɗa.

Abu uku makaɗin nan yake amfani da su: ido da ke gani, ƙwaƙwalwa da ke yanke shawara, da hannu da ke aikatawa. Ku riƙe waɗannan uku da kyau. Duk na'urar da ke sarrafa kanta, daga firij da ke kashe kansa idan ya yi sanyi har jirgin sama, a kansu aka gina ta.

Yadda mota take sanin halin da take ciki

Motar zamani cike take da ƙananan na'urori masu ji, waɗanda kanikawa ke kira sansa. Akwai wadda ke ƙirga juyawar taya, daga nan ake sanin gudu. Akwai wadda ke ƙirga sau nawa inji yake juyawa a minti ɗaya. Akwai wadda ke auna yadda aka taka totur, akwai mai auna zafin ruwan inji, har da wadda ke cikin maƙalin bel tana faɗin ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba. Su ne idanun mota. Duk abin da suka gani suna kai rahotonsa ga ƙananan kwamfutoci, waɗanda babbarsu ita ce kanikawa ke ce wa biren bokis.

Da a ce kowace sansa sai an ja mata wayarta zuwa kowace kwamfuta, da wayoyi sun cika mota. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da mafita mai suna CAN. Wayoyi biyu ne aka murɗe su tare, kowace kwamfuta ta jona da su. Wadda take da magana sai ta yi shela, kamar sanƙira a kasuwa: kowa ya ji, mai buƙata ya ɗauka, wanda abin bai shafa ba ya ƙyale. Kowane saƙo yana ɗauke da lambarsa. Idan kwamfutoci biyu suka buɗe baki lokaci guda, mai ƙaramar lamba ce take wucewa, ɗayar ta jira. Shi ya sa masu ƙera mota suke ba muhimman saƙonni, irin na inji da birki, ƙananan lambobi.

Ta yaya mu da ke waje za mu ji wannan hira? Akwai ƙofa. Idan kuka leƙa ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, a yawancin motoci za ku ga wani soket mai ramuka 16. Sunansa OBD-II. Asalinsa don sa ido a kan hayaƙin da mota ke fitarwa aka yi shi. Amurka ta wajabta shi a motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun 1996, Tarayyar Turai ta biyo baya a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu shan gas. Da yake yawancin motocinmu na hannu ne daga can, Corolla da Camry da Civic da ke yawo a titunanmu suna da shi. Tsofaffi irin su J5 da Golf na farkon shekarun 1990 kam ba lallai su amsa da wannan yare ba. Idan kuka ji bakanike a Zariya ya ce mota sai an sa mata kwamfuta, ta wannan ƙofa yake shiga.

Mu tambayi mota gudunta

Akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman akwatin ashana ba, ana soka ta a soket ɗin, ita kuma ta haɗu da waya ta bulutut. Yawancinsu suna aiki ne da tsarin ELM327, wanda kamfanin Elm Electronics na Kanada ya ƙirƙiro. Ita ce tafinta tsakanin waya da mota.

Tambayoyin duk lambobi ne. Idan waya ta aika 010D, ma'anarsa ita ce: gudun nawa kike yi yanzu? Sai mota ta amsa, misali, 41 0D 50. Lambar 41 tana nufin ga amsa, 0D tana maimaita tambayar, 50 kuma ita ce gudun. Sai dai kada ku ce kilomita 50 ne. Ku tuna darasin tushen lamba da aka yi mana a aji 4, wanda malaman lissafi ke kira namba bes. Mota da tushe 16 take magana, inda A take 10, B take 11, har zuwa F da take 15. Saboda haka 50 a wurinta shi ne 5 sau 16, a tara da 0, wato kilomita 80 a awa.

Idan aka aika 010C, juyawar inji ake tambaya. A ce amsa ta zo 41 0C 1A F8. Lambar 1A ita ce 26, F8 kuma 248. Ƙa'idar ita ce a ninka ta farko sau 256, a tara da ta biyu, a raba gida 4. To 26 sau 256 ya ba mu 6656, a tara da 248 ya zama 6904, a raba 4 ya zama 1726. Injin yana juyawa sau 1726 a minti ɗaya kenan. Wanda ya taɓa tambayar malami amfanin namba bes a rayuwa, ga amsarsa nan.

Waya za ta iya yin waɗannan tambayoyi sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Da zarar lambar ta shigo hannu, saura ƙwaƙwalwa da hannun makaɗi: manhajar da za ta duba lambar ta yanke shawarar abin da za a yi da kiɗan.

Waɗanda suka riga mu

Mafi sauƙi shi ne ƙara murya daidai da gudu. Rediyoyin motoci da yawa sun daɗe da wannan, yana nan cikin saitinsu, sau da yawa masu motar ma ba su san da shi ba.

Kamfanin Ford ya ɗauki wata hanya. A ƙirar Focus ta 2010 ya fara sa wani tsari mai suna MyKey, inda uba zai ba ɗansa makulli na musamman. Da wannan makulli ana iya hana muryar rediyo wuce kashi 44 cikin 100, kuma idan yaro bai ɗaura bel ba rediyon yakan yi gum har sai ya ɗaura. Chevrolet ma ya sa irinsa a Malibu ta 2016.

Wasu kuma nishaɗi suka nufa. A 2013 Volkswagen ya haɗa kai da mawaƙan Underworld na Ingila suka yi wani gwaji da Golf GTI, inda tuƙin direba yake sauya kiɗan nan take. A watan Janairun 2024, a baje kolin fasaha na CES a Las Vegas, Mercedes-Benz da mawaƙin Amurka will.i.am suka nuna MBUX Sound Drive. An rarraba waƙa gida-gida, sai taka totur da taka birki da murza sitiyari su riƙa shigo da wani sashe suna fitar da wani.

Akwai ma inda titin ne da kansa yake kiɗan. A Japan, da kuma wani yanki na tsohuwar hanyar Route 66 a jihar New Mexico ta Amurka a 2014, an yi wa kwalta tsage-tsage a jere, taya na bi ta kai sauti na fita. Lissafin na darasin fiziks ne. A ce mota na gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, tsakanin tsaga da tsaga kuma santimita 5. Taya za ta daki tsaga 400 a daƙiƙa, kunne ya ji sauti mai kaɗawa 400. Idan aka sauya tazarar, sautin ya sauya. Wanda ya wuce gudun da aka tsara, waƙar sai ta fito masa a karkace.

Inda gizo yake saƙa

Yanzu mu tsaya mu yi tunani, domin nan ne maganar ta wuce wasa. Kiɗa yana taɓa ƙafar direba. A farkon shekarun 2000 wani masani mai suna Warren Brodsky na Jami'ar Ben-Gurion ya gwada mutane a na'urar koyon tuƙi, yana sa musu kiɗa mai sanyi da mai zafi. Ya gano cewa idan kiɗan ya yi sauri, gudu yana ƙaruwa, keta danja ma yana ƙaruwa.

Ku ɗauko wannan ku kawo shi gida. Ku tuna ranar kai amarya, yadda samari ke jera motoci da babura, sifika na tashi, kowa na son ya nuna shi ne gwani. Idan aka ba irin wannan saurayi motar da kiɗanta ke ƙara daɗi duk lokacin da ya ƙure maleji, an haɗa shi da makaɗin da ke zuga shi zuwa rami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ne da ku a cikin wannan rukuni.

Ga wani lissafin kuma. Gudun kilomita 80 a awa daidai yake da mita 22 a daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa 2 kacal yana neman waƙa a waya ya tafi mita 44 bai ga hanya ba, kusan rabin filin ƙwallo. A titunanmu da ake rabawa da 'yan acaɓa, da amalanken shanu, da motocin rake da tumatir, da yara masu tallar bakin hanya, mita 44 sun isa komai ya faru. Taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka lamba ɗaya ce mota take bayarwa, amma mai rubuta manhaja ne yake zaɓar abin da za a yi da ita. Mu a ganinmu, a hanyoyi irin namu, makaɗin mota ya kamata ya zama irin na gayya lokacin da rana ta take. Ga ƙa'idojin da muke ba da shawara:

Na ɗaya, idan gudu bai kai kilomita 20 ba, murya ta yi ƙasa, domin a tasha ake ko cikin kasuwa, direba na buƙatar jin mai cewa akwai sauka.

Na biyu, daga 20 zuwa iyakar da doka ta yanka, murya ta riƙa hawa a hankali. Dokar hanya ta Najeriya ta sa kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, sannan a tagwayen hanya 100 ga ƙananan motocin gida, 90 ga tasi da bas.

Na uku, idan aka wuce iyaka, kiɗa ya fara dusashewa. Idan aka ƙara 10 a kai, ya ɗauke gaba ɗaya har sai an sassauta.

Na huɗu, idan gudu ya faɗi da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, alamar an taka birki da ƙarfi, kiɗa ya yi shiru nan take.

Ƙa'ida ta uku tana da wani amfani da ya shafe mu fasinjoji. Mun san yadda yake da nauyi ɗalibi ya ce wa direba sa'an mahaifinsa, "Baba, a rage gudu." Idan waƙar ce ta ɗauke da kanta, duk motar ta ji, kuma babu wanda ya yi wa babba rashin kunya. Gaskiya ne direban da ba ya so zai iya zare na'urar ya jefa aljihu. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun 2017, amma har yau muna ganin masu gudun wuce sa'a. Na'ura tana tunatarwa ne, hankali kuma na mai tuƙi ne.

Wata matsala da za ku ci karo da ita

A ce direba yana tafiya tsakanin 79 da 81. Idan ƙa'idarku ta ce a rage a 80 kawai, kiɗan zai yi ta ɗaukewa yana dawowa kamar tocilan da batirinta ya yi sanyi, ya zama shi kansa abin raba hankali. Injiniyoyi suna magance wannan da iyaka biyu: a rage idan an haura 80, amma kada a dawo da shi sai an sauko ƙasa da 75. Dabara ta biyu ita ce kada a yi aiki da lamba ɗaya. A tara biyar na ƙarshe a raba gida biyar, domin tangal-tangal ɗin da ramuka ke jawowa ya lafa.

Ku gwada, ko babu mota

Mun san ba kowane gida ne yake da mota ba, kuma ba a buƙatarta don farawa. A kulob ɗin JETS na makarantarku, ku sami mutum huɗu. Na farko shi ne mota, yana ɗaga kwali mai lamba a tushe 16. Na biyu ya mayar da ita lambar da muka saba. Na uku ya duba ƙa'idoji ya faɗi hukunci. Na huɗu yana kiɗa a kan benci, yana ƙarawa ko ragewa. Idan kun yi haka kun gina tsarin gaba ɗaya, kuma za ku ga da idonku inda jinkiri yake shigowa.

Idan makarantarku tana da kwamfuta da intanet, ku nemi malami ya buɗe muku MIT App Inventor. Kyauta ne, kuma ana haɗa manhaja ne ta hanyar jera tubala maimakon rubuta dogon umarni. A cikinsa akwai sashen da ke karɓar gudu daga GPS na waya, da sashen da ke kunna sauti mai murya daga 0 zuwa 100. Gudun yana zuwa ne da mita a daƙiƙa, sai ku ninka sau 3.6 ku sami kilomita a awa. Ku sa iyakarku a kilomita 7, ku fita filin makaranta: mai tafiya ya ji waƙa, mai gudu ta ɗauke masa.

Ranar da za ku gwada a mota ta gaske, ga sharuɗɗa. Ku nemi izinin mai ita, kuma babba ya kasance tare da ku. Wayar a hannun fasinja take zama, direba ba ruwansa da ita. Ku tsaya ga tambaya kawai, kada ku aika umarnin goge wani abu ko sauya shi. Idan an gama ku zare na'urar, domin rami na 16 na soket ɗin yana ɗauke da wutar batir ko an kashe mota, kuma barinta a soke tamkar barin ƙofar gida ce a buɗe. A 2015 wasu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga wata Jeep Cherokee daga nesa ta hanyar rediyonta mai intanet. Sun ƙure murya, daga baya suka tsayar da motar a kan titi, har kamfanin ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4 don toshe kafar. Hanyar da bayani yake fita, ta nan ɓarawo yake shiga.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, shi ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a Amurka, daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa. Marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa tun kafin a haife mu, domin mota da kiɗa tsofaffin abokai ne a ƙasar Hausa. Wanda ya san tasha, ya san ranar kasuwa, ya san inda ramuka suke tsakanin Kudan da Makarfi da Ikara, shi ya fi dacewa ya rubuta wa motocinmu ƙa'ida.

Aikin gida

1. Wata bas ta haya a babbar hanya ta amsa 41 0D 5A. Gudun nawa take yi, kuma ta karya doka ko ba ta karya ba?

2. Mota ta amsa 41 0C 2E E0. Sau nawa injinta yake juyawa a minti ɗaya?

3. Direba yana gudun kilomita 100 a awa, ya kalli waya na daƙiƙa 3. Mita nawa ya tafi bai ga hanya ba?

4. Wace ƙa'ida ta biyar za ku ƙara a kan huɗun da muka kawo, kuma saboda me?

Ku aiko da amsoshinku ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makaranta da aji. Za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa, musamman a tambaya ta huɗu. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.